Sayen Tsohuwar Jif Don Hanyar Ƙauye a Damina: Mataki Bayan Mataki

Duk shekara da ruwa ya zauna sai tambayar nan ta dawo mini daga masu karatu: wace mota mai sauƙin kuɗi zan saya wadda za ta riƙa kai ni gona, ko ta kai ni ƙauye in gaida tsofaffi, ba sai an tara samarin gari sun yi ta turi ba? Na sha ba da amsa a gutsure, wannan in ce masa ya nemi Hilux, wancan in ce ya kula da tsatsa. Yau bari in jera abin daga farko, yadda nake yi idan wani ya ce in raka shi.

Kafin komai ka tanadi tsohuwar tabarma ko kwali, da tocila mai haske, da ƙaramar guduma, da rigar da ba ka jin ta. Motar hanyar ƙauye daga ƙasa ake sayenta. Wanda ya je da farar shadda yana zagaya mota yana shafa fenti, ya shiga ya kunna sanyi yana gyaɗa kai, shi ne irin mai sayen da dillali ke addu'ar samu.

1. Fara da hanyar da za ka bi

Kada ka fara da sunan mota. Hanyoyinmu ba iri ɗaya ba ne. Akwai yashi mai cin taya irin na arewacin Yobe da Jigawa har ka tsallaka Damagaram. Akwai laka mai danƙo irin ta fadamun Haɗeja da Nguru, da baƙar ƙasar Borno wadda in ta sha ruwa ko takalminka sai ta ƙwace. Akwai kuma dutse da hawa irin na Mambila da Filato.

Ka je tashar da ake lodin ƙauyenku ranar kasuwa, ka tambayi direbobi abin da ke iya wucewa a watan Agusta, lokacin marka. Idan suka ce Golf da Sharon na shiga da lodinsu, to ba ka buƙatar babbar mota, ƙarama irin RAV4 ta ishe ka. Idan suka ce in ruwa ya yi ƙarfi sai Hilux da babur, su ma da addu'a, to sai mai giyar ogzilari, wato ƙaramar giyar da ke ƙara wa mota ƙarfin ja a wuri mai wuya.

Ka tambaye su kuma ko manyan motoci na bin hanyar. Inda tifa ko tirakta ke bi, tayoyinsu kan haƙa rami biyu su bar tudu a tsakiya, kuma a kan wannan tudun yawancin motoci ke zama, tayoyi na juyawa a banza. Maganinsa tsayi ne. Ka nemi motar da daga ƙasa zuwa abin da ya fi sauka a cikinta ya kai santimita 20, wato kusan taƙi guda na babban mutum. Da hannunka za ka auna.

2. Raba kuɗinka kafin ka ga mota

Ba zan faɗi farashi ba, don abin da na faɗa yau kafin ka karanta ya tashi. Amma rabon ba ya canzawa. Idan abin da ke hannunka naira miliyan 10 ne, misali, motar miliyan 8 kake nema. Sauran na tayoyi ne, da canjin mai gaba ɗaya, da shokazoba da bushin, da takardu, da la'adar dillali, da sallamar makaniken da zai raka ka. Ban taɓa ganin tsohuwar jif da aka saya ba ta ci kuɗi a watan farko ba.

Ka yi lissafin mai ma tun yanzu, don tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 mai ya zama rabin zancen mota. Jif mai silinda shida takan sha lita 13 zuwa 15 a kilomita 100, ƙarama mai silinda huɗu kuwa wajen lita 10. Idan ƙauyenku kilomita 150 ne, zuwa da dawowa babbar za ta sha kamar lita 42, ƙaramar lita 30. Ka je sau huɗu a wata, bambancin ya kusa lita 50. A cikin taɓo da yashi kuma duk sun fi haka sha.

Gargaɗi: kada dillali ya ji jimillar kuɗinka. Da ya ji, duk motar da ke filin farashinta ya zama daidai da shi.

3. Jif daban, fowil (mai jan ƙafa huɗu) daban

Nan ne aka fi cin mutane, ni ma nan aka ci ni. Jif ta farko da na saya doguwa ce, tayoyi manya, ga rubutu a jikinta. Ranar da na fara shiga fadama da ita bayan an kwana ana ruwa, na nemi abin da zan ja don ta kama ƙafa huɗu, babu. Ashe ƙafafun baya kawai ke ja. Shanun huɗa ne suka fitar da ni, mai shanun yana cewa, "Alhaji, ai da ka bar ta a bakin titi ka hau amalanke." Daga ranar na daina yarda da rubutun jikin mota, don rubutu ana sayensa a kasuwa a manna.

Da yawa daga 4Runner da Pathfinder da Xterra da Highlander da RAV4 da ake kawowa daga Amurka, tun daga kamfani masu jan ƙafa biyu ne, musamman waɗanda suka fito daga jihohin kudu inda ba a yin ƙanƙara. A waje ba su da bambanci da 'yan uwansu.

Masu jan ƙafa huɗun ma kashi uku ne. Akwai wadda kai ne ke sa ta: tana tafiya da ƙafafun baya, in ka iso wuri mai wuya ka ja ƙaramar giya ko ka murɗa maɓalli daga 2H (ƙafa biyu) zuwa 4H (ƙafa huɗu) ko 4L (ƙafa huɗu a hankali da ƙarfi). Hilux da L200 da Frontier haka suke. Akwai wadda kullum a ƙafa huɗu take, kuma tana da 4L da makullin tsakiya mai sa ƙafafun gaba da na baya su juya tare, kamar yawancin Prado. Sai ta uku, wadda motar ce ke sa wa kanta in ta ji santsi, irin CR-V da RAV4 ta 2006 zuwa sama. Irin wannan ba ta da 4L sam. Tana da kyau a hanyar burji mai santsi da yashi marar zurfi, amma in ta nutse sai turi.

4L ita ce ogzilarin gaske. Tana rage gudu ta ninka ƙarfi, motar ta riƙa tafiyar hawainiya amma ba abin da ke tsayar da ita. Mai hawan dutse da lodin buhuna, da mai shiga laka mai zurfi, ba su da makawa sai ita.

Yadda za ka tabbatar tun kafin a tada mota: ka leƙa ƙasa. A bayan giyabos dole ka ga wani ƙaramin akwatin giya, wanda furofela biyu ke fita daga cikinsa, ɗaya zuwa baya ɗaya zuwa gaba, kuma a gaban ka ga tulun aksil da shaf biyu suna shiga tayoyi. A RAV4 da CR-V da Highlander kuwa doguwar furofela za ka nema wadda ta tafi baya.

Gargaɗi: a motocin da aka yi amfani da su a nan gida, wasu makanikai kan cire furofela ɗaya su ce wai don a rage shan mai, ko don ta fara ƙara an rasa kuɗin gyara. Idan ka ga gurbin ƙusoshi huɗu babu abin da ke ɗaure a kai, an cire ta. Ka tambayi inda take. In an ce ta ɓata, ka ɗauka akwai abin da ya lalace a ciki wanda ya sa aka cire ta.

4. Zaɓi wadda ake da kayanta a kusa da kai

Ka'idata ita ce: motar da in ta tsaya a ƙauye za a iya aika ɗan acaɓa ya sayo kayanta ya dawo kafin magariba, ko a kira Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna a sa a mota ya kwana a hanya.

Hilux ce sarauniyar wannan fage, shi ya sa ko tsohuwa ba ta arha. Mai fetur ɗinta mai injin 2.7 ba ta da fitina, sarƙa ce ke juya taimin ɗinta, kuma kowane gareji ya san ta. Sai dai bayanta ba nauyi, in ba kaya a ciki takan yi rawa a santsi, shi ya sa masu ita ke jefa buhun yashi biyu a baya. Ka sani kuma ɓarayin mota na son ta, kuma a wasu hanyoyin da tsaro ya yi ƙaranci farar Hilux na jawo idon da ba ka buƙata.

4Runner ta 1996 zuwa 2002 da ta 2003 zuwa 2009, da Prado ta waɗannan shekarun, su ne zaɓina ga mai ɗaukar iyali. Ta farkon mai injin 3.4 bel ne taimin ɗinta, ana canza shi wajen kilomita 145,000. Injin 4.0 na ta biyun sarƙa ne.

Pathfinder da Xterra da Frontier sun fi Toyota sauƙin kuɗi, kuma suna aiki. Amma masu giyar otomatik na 2005 zuwa 2010 an san su da matsala guda: lagireto kan fashe ta ciki, ruwa ya gauraya da man giya, giyabos ya mutu. Ba haramun ba ne sayensu, amma sai ka duba yadda zan faɗa a mataki na 7. Pajero ma ba laifi idan makanikenka ya saba da ita.

Abin da nake hana mutane shi ne tsohuwar motar alfarma da farashinta ya faɗi warwas, irin masu tashi da sauka da iska maimakon sifirin. Ranar da jakar iskar ta fashe a daji, motar za ta durƙusa kamar raƙumi, kuma babu mai faci da zai tashe ta.

Zancen gas kuwa: injin gas ya fi jan kaya da ƙarancin sha, amma sababbin irin D-4D na Toyota ba sa haƙuri da gurɓataccen mai. Idan a yankinku sai wajen 'yan bumburutu ake samun mai, ka tsaya a fetur, don kuɗin nozul guda huɗu ya isa ya ɓata maka shekara.

5. 'Yar Beljiyam ko ta hannu, ka karanta lambar cesis

Ta hannu ta fi arha, kuma wani lokaci ta fi, idan ka san mai ita da makaniken da ke duba ta. Wadda kamfanin gine-gine ko ma'aikata suka sallama kuwa an riga an sha romonta, sai ka duba ta ninki biyu.

Kowace ce, ka ɗauki hoton lambar cesis. Haruffa da lambobi 17 ne, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da jikin ƙofa, kuma a motoci masu firam an buga ta a jikin ƙarfen. Duk su zo ɗaya, su kuma dace da ta takarda. Wadda ta fara da J a Japan aka ƙera ta, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada. Hilux kan fara da AHT idan ta Afirka ta Kudu ce, ko MR0 idan ta Tailan ce.

Idan daga Amurka ko Kanada ta zo, ka biya a ciro maka rahoton Carfax, wato tarihin motar a can, ka kuma rubuta lambar a Google, don sau da yawa hotunanta na filin gwanjo irin Copart na nan, ka gan ta yadda take kafin fanel bita ya taɓa ta. Abu uku kake nema. Kalmar "flood", wato ruwa ya ci ta, wannan ka tafi kawai. Tafiyar da ta yi, ka gwada da abin da agogonta ke nunawa, ka tuna mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Sai jihar da ta zauna, wanda shi ne zancen mataki na gaba.

Gargaɗi: a kula da motar da aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu. Alamunta: wayifa na sharewa ta ɓangaren fasinja, hannun sigina na dama, abin buɗe bonet na can ƙafar fasinja, ga walda a bangon da ke tsakanin injin da ɗaki. Sitiyarin da aka yi wa walda ba abin ɗauka a hau gargada ba ne.

6. Shimfiɗa tabarma ka shiga ƙasa

In da rami ko abin ɗaga mota a kusa, ka biya a kai ta. In babu, tabarma.

Da tsatsa za ka fara. A arewacin Amurka da Kanada, idan hunturu ya zo ƙanƙara ta rufe hanya, gishiri ake watsawa a titi don ta narke. Motar da ta yi shekara goma tana taka ruwan gishiri a Michigan ko Ohio ko New York ko Ontario, samanta na iya yin ƙyalli, ƙasanta kuwa ya zama kamar tsohon kwanon rufi. Abin bai bar manyan sunaye ba: a 2008 Toyota ta sayi Tacoma na 1995 zuwa 2000 da yawa daga hannun masu su saboda ruɓewar firam, a 2016 kuma ta amince da sasantawar kusan dala biliyan 3.4 kan Tacoma da Tundra da Sequoia na wasu shekarun baya.

Tsatsar sama-sama mai launin ƙasa wadda in ka kankare ka ga ƙarfe mai kyau, ba komai ba ce. Wadda ake gudu ita ce mai ɓarewa falle-falle. Ka bi firam ɗin da guduma daga gaba zuwa baya kana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi tangaran, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, garin tsatsa na zubo maka a fuska. Ka fi tsayawa a inda sifirin ko hannuwan aksil na baya suka kama firam, da saman safaya taya, da gefen ciki kusa da tankin mai. Ka sa yatsa a ramukan firam ka ji abin da ke ciki. Ka bi siraran bututun birki da tocila, don su ma gishiri na cin su, kuma sai ranar da ka taka da ƙarfi suke fashewa.

Idan ka ga ƙasan mota baƙi wuluk da sabon fenti mai kauri har kan ƙusoshi da robobi, ka tambayi kanka me aka rufe. Ka soka sukundireba. In dillali ya ce, "Haba Alhaji, za ka ɓata mana mota," ka ce masa in ƙarfen ƙwarai ne sukundireba ba za ta yi masa komai ba. Firam da aka yi wa faci da walda, ko ya lanƙwashe, ba a cinikinsa ko nawa aka rage.

Kana nan kwance, ka duba sauran. Robobin shaf na gaba kada su yage, don laka na shiga ta cinye haɗin. Ka kama furofela ka jijjiga, kada ta yi ƙwal-ƙwal. Ka duba jiƙewar mai a tulun aksil na gaba da na baya da ƙaramin akwatin giya. Ka sa makanikenka ya kwance ƙusar zuba mai ta aksil ya tsoma yatsa: in man ya fito fari-fari kamar kunu, ruwa ya shiga. Ka duba salansa ko an yanke an cire abin tace hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi, don in an cire sai a rage maka kuɗinsa. Sannan a ɗaga kowace tayar gaba a jijjiga ta sama da ƙasa, hagu da dama, a ji boljoyin da tayarod da boris.

7. Injin, da alamun ambaliya

Ka zo da sassafe ba tare da ka faɗi lokaci ba, ka dafa injin ka ji shi da sanyi. Injin da aka ɗumama kafin ka iso yana ɓoye hayaƙi da ƙarar farko.

Ka murɗa makulli ba tare da ka tada ba. Fitilun gaban direba duk su kama, har da ta injin da ta birkin ABS da ta jakar iskar da ke kare mutum a haɗari, sannan su mutu bayan an tada. Wadda ba ta kama ba tun farko, an cire ƙwanta ne ko an liƙe ta. Duk da haka a sa na'urar bincike, kuɗinta kaɗan ne.

Ka buɗe murfin baƙin mai ka duba cikinsa, kada ka ga kumfa mai kama da madara. Ka buɗe lagireto tun injin na da sanyi, a tada, ka ga ko ruwan na tafasa da ƙwayoyin iska, alamar gasket ke nan. Ka zaro sandar man giya inda akwai ta: ja mai haske ake so, ba baƙi mai ƙauri ba. A Nissan ɗin nan da na ambata, in ka ga ruwan lagireto ko man giya ya koma kamar an dama nono da zoɓo, ka yi sallama. In lafiya lau ne, ka tambaya ko an taɓa canza lagireton, in ba a canza ba ka sa shi a lissafin makon farko.

Gargaɗi: kada ka taɓa buɗe lagireto injin na da zafi.

Ambaliya kuwa ba ta Amurka kaɗai ba ce, ko da yake guguwar Harvey ta 2017 ta nutsar da motoci masu ɗimbin yawa a Houston. A nan ma, bayan fashewar madatsar Alau a Satumban 2024, motoci da dama sun kwana cikin ruwa a Maiduguri. Ka ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai zanen ruwa. Ka ɗaga kafet ka shafa ƙasa, ka duba ƙarafan da kujera ke gudu a kai. Motar da aka cika da turare ta sa ka ƙara sunsunawa.

8. Gwajin ƙafa huɗu

Zagaye ɗaya a kwalta ba gwaji ba ne. Ka sa mai da kuɗinka, ku nemi fili mai yashi ko ƙasa mai laushi.

Ka sa 4H. Fitilarta ta kama ta tsaya, ba ta riƙa ƙiftawa ba. Idan tsohuwa ce mai makulli a cibiyar tayar gaba, sai ka sauka ka murɗa duka biyun daga FREE zuwa LOCK. Sannan ka tsaya cak, ka sa giya a N, ko ka taka kuloci in mai giyar hannu ce, ka sa 4L. Za ka ji ta shiga, kuma da ka tashi injin zai yi gurnani motar na rarrafe.

Amma fitila ba shaida ba ce, rewaya na iya sa ta kama. Ka kai hancin motar cikin yashi mai ɗan zurfi ko jikin tudu, makanikenka ya tsaya a gefe, ka ba ta wuta kaɗan. Ya gani da idonsa tayar gaba na watsa ƙasa. A masu sa wa kansu irin CR-V, tayar baya zai kalla. A ƙarshe ka mayar da ita 2H ka tabbatar ta fita, don wata na shiga ta ƙi fita. Waɗanda ake murɗa wa maɓalli sun fi yin wannan, saboda ɗan injin lantarkin da ke turawa kan maƙale idan an shekara ba a taɓa shi ba, kuma ba shi da arha.

Gargaɗi: motar da kai ne ke sa mata 4H, irin Hilux, ba a tafiya da ita a haka a busasshiyar kwalta. Ƙafafun gaba da na baya za su riƙa ja-in-ja a kwana har wani abu ya karye.

Daga nan ka hau titi ka kai kilomita 100 a awa, ka ji ko akwai kuka daga baya ko rawar sitiyari, ka taka birki da ƙarfi sau ɗaya, ka bar ta a tsaye da sanyi a kunne minti goma kana kallon allurar zafi.

9. Tayoyi

A gefen kowace taya, bayan rubutun DOT, akwai lambobi huɗu. 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Wadda ta haura shekara biyar zuwa shida, ko da zanenta na nan, ka lissafa ta cikin abin da za ka canza. In ka ga hoton dutse mai kai uku da tauraron ƙanƙara a ciki, kuma tayar cike take da ƙananan tsaga, mai yiwuwa ta hunturu ce da motar ta zo da ita. Robarta laushi gare ta, zafin Maris da Afrilu zai cinye ta da wuri.

Huɗun su zama girma ɗaya, zai fi kyau kamfani ɗaya, don bambancin girma na wahalar da giyar tsakiya. Ga mai haɗa kwalta da ƙauye, taya mai alamar AT, wato ta kowace irin hanya, ta wadatar. Mai alamar MT, wato ta taɓo, ta fi a laka amma tana kuka a titi tana ƙara shan mai. Ni dai na fi yarda da RAV4 mai sababbin AT a kan Prado mai sulɓaɓɓun tayoyi. Ka sauke safaya ka gan ta, ka tabbatar akwai jak da abin kwance taya.

10. Takardu da biya

'Yar Beljiyam: takardun kwastam, kuma kada ka tsaya ga ganin takarda, ka kai lambarta ofishin kwastam a tabbatar an biya diyuti daidai da wannan motar da shekararta. Tun Janairun 2017 da aka hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa, motocin da aka bi daji da su da takardun bogi sun sha ƙarewa a hannun jami'ai a kan hanya, mai saye ne ke asara.

Ta hannu: takardar mallaka, lasisin mota, takardar lafiyar mota, inshora, da takardun kwastam na asali. Ka duba lambar rajistar motar a shafin hukumar kiyaye haɗurra, ka ga ta fito da irin motar. Ka ga mai ita ido da ido da katin shaidarsa. A rubuta yarjejeniya da lambar cesis da shaidu biyu, ka biya ta banki zuwa sunan da ke kan takarda, ka yi canjin mallaka a makon. Inshorar dole ta motar gida naira 15,000 ce tun Janairun 2023.

Gargaɗi: kada ka ba da kafin alƙalami kafin a gama dubawa, ko an ce maka wani Alhaji na hanya da kuɗi. A yanke la'ada tun kafin ciniki. Makanike kuma naka ne, kai za ka sallame shi ko an saya ko ba a saya ba, don wanda ke jiran na goro daga dillali ba zai ga tsatsa ba.

11. Makon farko

Kafin ta ga ƙauye, a juye komai: baƙin mai, man giya, man ƙaramin akwatin giya, man aksil gaba da baya, man birki, ruwan lagireto. A sa giris a furofela. In taimin bel ne kuma ba wanda ya san ranar da aka canza shi, a canza. Ka sa makanike ya ƙara wa bututun numfashin aksil tsawo da ɗan tiyo zuwa sama, aikin awa ɗaya ne, kuma shi ke hana ruwa shiga in ka tsallaka rafi.

A bayan mota ka ajiye igiyar ja mai ƙarfi, da shebur, da katako mai faɗi na ɗora jak a laka, da famfon taya da geji. A yashi kana rage iska zuwa wajen PSI 20 a geji ka wuce, ka mayar da ita in ka hau titi. Ka nemo ƙugiyoyin ja na jikin firam tun a gida ka san inda suke, kada a ɗaura igiya a bamba ko a tayarod cikin duhu. Ruwa mai gudu kuma ba a shigarsa don ana da fowil. Ka sauka ka ga inda ya kama wanda ya taka da ƙafa, in ya haura gwiwa ka jira ya janye.

Da rani ma, duk wata ka nemi hanyar ƙasa ka sa mata 4H ka ɗan yi tafiya, ka shiga 4L ka fita sau biyu. Littafin Toyota kilomita 16 a wata ya ce, don mai ya zagaya kayan gaba kada su maƙale kafin ruwan farko.